Kafin Mu Miƙa Littafin Bashi ga Waya



Maganar da ta fi yawo a majalisunmu 'yan makonnin nan, daga ƙofar masallaci bayan isha'i har rumfunan Kasuwar Monday, ita ce ta sabuwar manhajar ajiye takardun kasuwanci da wasu matasa suka fito da ita. Sun kafa ɗan ƙaramin kamfani, sun kama ofis a GRA, kuma cikinsu har da 'ya'yan unguwar nan. Ba za mu kama sunan kamfanin ba, don kada wani ya ce talla muke yi musu, wani kuma ya ce mun zo ɓata musu kasuwa tun ba ta ci ba. Su da bakinsu suka roƙi 'yan kasuwa su gwada, su faɗa musu gaskiya komai ɗacinta. To, mun gwada, mun kuma saurari waɗanda suka gwada, masu atamfa da masu hatsi da masu bandar kifi na Tashar Baga.

Ga wanda bai gan ta ba, abin ba shi da wuyar ganewa. Kowane shago ana buɗe masa wurinsa a intanet, kamar durowa mai aljihuna. Ka ɗauki hoton rasit, ko takardar lodi, ko ta kwastan, ko shafin littafin bashi, ka jefa a aljihun da ya dace. Maigida yana zaune a Maiduguri, wakilinsa yana Kantin Kwari a Kano, direba yana hanya tsakanin Potiskum da Damaturu, mai karɓar kaya yana Gamborun Ngala, amma duk su huɗun takarda ɗaya suke kallo. In wakili ya gyara kuɗin dila, nan take maigida ya gani. Takardun kuma ba a cikin wayarka suke kwana ba, suna can cikin manyan kwamfutocin da kamfanin ya kama haya, abin da yaran ke ce wa gajimare. Farko kyauta ne, daga baya sai biyan wata-wata.

Mu fara da ba su haƙƙinsu. Ciwon da suka gano, ciwo ne na gaskiya. Daren 26 ga Fabrairu, 2023, washegarin zaɓen shugaban ƙasa, ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi, wuta ta cinye Kasuwar Monday. Kowa ya yi maganar kayan da suka ƙone, amma ba a cika maganar littattafai ba. Mutum ya yi shekara ashirin yana rubuta wa ya ci, wa ya biya, wa ya saura, a littafi mai baƙin bango da yake kullewa a shago, ya wayi gari littafin ya zama toka tare da atamfar. Ba a cika shekara biyu ba, ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Gwange, ya shiga kasuwar da aka sake ginawa, ya shiga fadar Shehu da asibitin koyarwa, har wani ɓangare na GRA ɗin bai tsira ba. Rabon da a ga irinsa tun 1994. Wanda ya ce ya koyi darasi daga gobara, ya kwashe takardunsa ya kai gida ya sa ƙarƙashin katifa, ruwa ya bi shi can. Takardar fili, takardar sayen gida, rasit na shekaru, tawada ta narke. Mu da akan kira mu zaman sulhu mun san abin da ya biyo baya. Mutane biyu da suka yi shekaru suna cin tuwo a kwano ɗaya, wannan ya ce buhu arba'in ne, wancan ya rantse talatin ne, kuma wallahi mai yiwuwa babu maƙaryaci cikinsu, mantuwa ce kawai. Saboda haka duk dattijon da ya ce mu dai takardarmu ta ishe mu, sai mu tuna masa a hankali cewa takardar ta ba mu kunya sau biyu a jere.

Abu na farko da mafi yawan mutane suka faɗa shi ne, ai WhatsApp yana yin duk wannan, kuma ba a biya. Wannan suka ce mai rauni, kuma gara mu faɗa wa junanmu. WhatsApp wurin aike ne, ba wurin ajiya ba ne. Nemi rasit ɗin kayan da ka saya kafin azumin bara ka gani: yana can binne tsakanin gayyatar ɗaurin aure, da wa'azi, da hoton jariri, da bidiyon siyasa. Waya ta cika, yaro ya goge hotuna don ya sama maka wuri, shi ke nan. Waya ta faɗa ruwa, wanda bai taɓa saita kwafin ajiya ba ya tashi a tutar babu. Irin wannan suka ba yau aka fara ta ba. Dropbox, wanda yana cikin manyan kamfanonin wannan sana'a a duniya, wani saurayi ne Ba'amurke mai suna Drew Houston ya fara shi a 2007, bayan ya hau motar haya daga Boston zuwa New York ya tarar ya manta ɗan fulas ɗin da aikinsa ke ciki. Shi ma da ya nuna wa masana kwamfuta, akwai wanda ya ce masa ai kowa na iya haɗa irin wannan da kansa. Gaskiya ne kowa na iya wa, amma ba kowa ke yi ba. A nan dai yaranmu suna da hujja.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma abin kunya ne a ce 'ya'yan garin nan ne suka bar ƙofarta a buɗe. Manhajar Turanci kaɗai take ji. A kasuwarmu ana ciniki da Hausa, da Barbarci, da Larabcin Shuwa, wani lokaci duk a kan buhu ɗaya. Da yawa cikin manyanmu da ajami suke rubuta bashi, wasu kuma ba su rubutu sam, saƙon murya suke aikawa. Manhajar ba ta da wurin da za ka maƙala murya a jikin takarda, ka ce wannan rasit ɗin na kayan wane ne, ya ba da rabi, saura sai bayan salla. Tana tambayar sunan farko da sunan mahaifi, alhali mutumin da ka yi shekara goma kana ba shi kaya, da laƙabi da sunan garinsu ka san shi. Wajen awo kuma ba ta san mudu ba, ba ta san turmi ba, ba ta san dila ko kwando ba. Kuɗi ma naira kaɗai ta sani, sai ka ce ba daga nan ake lodin Kusiri da Njamena ana dawowa da sefa ba. Wani mai hatsi ya ce da ya buɗe ta sai ya ji kamar an ba shi fom ɗin ƙungiyar agaji. Ba mu ga laifinsa ba. Da alama a ofisoshin ƙungiyoyin nan da suka cika GRA yaran suka koyi aiki, suka ɗinka rigar daidai jikin ma'aikacin ofis mai kwamfuta da sola da intanet na dare da rana, sannan suka kawo wa mai rumfa ya sa.

Batun intanet ɗin ma ba ƙarami ba ne. In babu sabis, manhajar ba ta nuna maka ko takardar da kai da hannunka ka sa jiya. A wani gari wannan ƙaramar matsala ce. A nan kuwa, wa ya manta Mayun 2013, lokacin da aka sa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka kashe layukan waya gaba ɗaya, sati bayan sati, har mutum kan yi tafiya zuwa wata jiha don kawai ya buga waya? A 2021 an yi wa Zamfara irin haka, da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato. Wa ya manta Janairun 2021 da aka kayar da turakun wuta a hanyar Damaturu, gari ya shafe watanni cikin duhu, kowa na bin layin mai caji? Tashar gas mai megawat 50 da aka buɗe a Maris 2023 ta rage zafi, amma ba ta mai da mu Makka ba. Ko ba a kashe komai ba, ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna ma sun ji a jikinsu. Ga data ta ƙara tsada tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Littafin da ba ya buɗuwa sai da sabis, a garin nan, rabin littafi ne.

Duk waɗannan gyararru ne. Yaro mai basira zai zauna wata biyu ya sa Hausa, ya sa murya, ya sa mudu. Abin da ya hana mu barci daban ne, kuma shi ne yaran ba su ba mu amsarsa ba.

Abin da suke sayarwa sunansa ajiya. Mu kuwa ajiya ba baƙon abu ba ce a wurinmu. Kakanninmu fatake da suka kafa zango-zango daga nan har Gwanja, in sun sauka gari, wurin fatoma suke sauke kaya. Shi ke ajiyewa, shi ke nemo mai saye, shi ke tsayawa a kan bashi. Me ya sa bafatake zai bar dukiyarsa hannun mutumin da ba danginsa ba, ya juya ya yi tafiyar wata uku? Don fatoma yana da gida da aka sani, yana da iyali a ciki, yana da sunan da yake tsoron ya ɓaci, kuma in ya ci amana akwai sarkin zango da alƙali. In ma ya rasu, kayan suna nan cikin ɗaki, a buɗe a ƙirga a gaban shaidu. Wato ba alherin fatoma kaɗai aka dogara da shi ba. An san inda kayan suke, an kuma san yadda za a karɓo su ko yana so ko ba ya so, ko yana raye ko ba ya raye. Yanzu mu ɗora wannan sikeli a kan kamfanin da bai yi shekara ba. Ofishin haya ne. Kwamfutocin da takardunmu za su kwana a ciki, haya ne, kuma ba a Maiduguri suke ba. In ba a biya hayar ba, mai kwamfutar zai rufe, kuma bai san da zaman wani Alhaji a layin 'yan atamfa ba.

Kada wani ya ce mugun fata muke yi. An yi a ƙasar nan, kwanan nan. A 2021 wasu matasa uku a Legas, Kennedy Ekezie da abokan aikinsa, suka fito da manhaja mai suna Kippa don ƙananan 'yan kasuwa su riƙa rubuta ciniki da kaya da masu bashi. Ba ƙananan mutane ba ne. A Nuwamban 2021 masu zuba jari suka ba su dala miliyan 3.2, a Satumban 2022 aka ƙara musu dala miliyan 8.4, kamfanin kuma ya ce 'yan kasuwa sama da 500,000 sun shiga. Sai aka saki naira a Yunin 2023. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 kafin ƙarshen Fabrairun 2024. A ƙarshen 2023 Kippa ya rufe ɓangarensa na POS, ya sallami ma'aikata. Farkon 2024 kuma jaridar TechCabal ta ba da labarin cewa tun watan Janairu masu amfani da manhajar ba sa iya buɗe ta, ga lissafin kayansu da sunayen masu bashinsu a ciki. Ka ji fa. Babu gobara, babu ambaliya, babu ɓarawo, amma littafi ya tafi. Ba mu ce masu Kippa sun yi nufin cutar kowa ba, kasuwa ce ta juya musu baya kamar yadda take juya wa kowa. Abin lura shi ne, mai dala miliyan goma sha ɗaya da ɗoriya bai iya riƙe ajiyar ba. To, ina ga yaranmu da suka haɗa jari daga albashi da gudummawar kawu, suna karɓar naira a hannunmu, suna biyan hayar gajimare da dala?

Manyan ma ba su da tabbas. A Janairun 2012 gwamnatin Amurka ta rufe wani babban kamfanin ajiye fayil mai suna Megaupload saboda zargin satar fina-finai da waƙoƙi, mutanen da ba ruwansu da sata suka wayi gari ba su iya kaiwa ga kayansu. Google, duk girmansa, tun Disambar 2023 ya ce yana iya goge asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba.

Saboda haka abin da muka fara nema a manhajar nan ba ƙofar shiga ba ce, ƙofar fita ce, kuma ba mu same ta ba. Za ka iya sauke takarda ɗaya-ɗaya, amma babu inda za ka danna sau ɗaya ka kwashe dukan abin da ka ajiye, a tsare yadda ka tsara shi, cikin siffar da kowace waya ko kwamfutar mai shagon fotokwafi za ta buɗe ba sai da manhajarsu ba. Mun sa aka karanta mana dogon Turancin nan da kowa ke danna wa na yarda ba tare da ya duba ba. An yi bayanin abin da zai faru in kai ka saɓa musu. Ba a ce uffan ba game da abin da zai faru in su suka rufe. Wannan ba daidai ba ne. Mai karɓar ajiya shi ya kamata ya fara faɗin yadda za a mayar da ita. Muna so a rubuta, da Hausa, cewa in kamfanin zai tsaya zai sanar da wata nawa kafin lokaci, kuma kowane ƙarshen wata manhajar da kanta za ta sauke cikakken kwafi cikin wayar maigida, wanda zai iya zuba wa a fulas ko ya buga a takarda ya kai gidan ɗan'uwansa a wata unguwa. Yaran sun ce in suka sauƙaƙa fita, mutane za su fita. Mu kuwa muka ce, a kasuwa wanda ka san za ka iya karɓar kayanka a hannunsa kowane lokaci, shi ne kake barin kayanka a hannunsa shekara da shekaru.

Sai sirri. Ɗan kasuwa yana iya nuna maka matarsa ta gaishe ka, amma ba zai nuna maka littafinsa ba, kuma yana da dalili. Cikin littafin akwai farashin da yake saro kaya, akwai sunan wanda yake saro wa a hannunsa, akwai sunayen mutane masu mutunci da ake bi bashi, waɗanda in aka ji, aure ma yana iya fasuwa. A garin da muka ga abin da muka gani, sanin yawan abin da mutum ya mallaka ba wasa ba ne. Mun tambaya: ma'aikatan kamfanin suna iya buɗe aljihunmu su karanta? Amsar da aka ba mu ita ce ba za su yi ba. Ba ita muka tambaya ba. Ba za su yi ba daban, ba za su iya ba daban. Su kansu Dropbox an yi musu kutse a 2012, sai a 2016 aka san cewa bayanan shiga na asusu sama da miliyan 68 ne suka fita. Akwai doka yanzu, Dokar Kare Bayanai da aka sa wa hannu a Yunin 2023, da hukumarta a Abuja. Ta ba mutum damar ya nemi kwafin bayanansa ko ya ce a goge, ta kuma wajabta wa kamfani ya sanar da hukumar cikin awa 72 in aka yi kutsen da zai iya cutar da mutane. Ya kamata yaran su nuna mana a fili inda suka tsaya game da wannan doka. Mu ma mu sani, sunaye da lambobin wayar masu bashinmu amanar wasu ce muke ɗorawa a can, ba tamu kaɗai ba.

A cikin gida ma akwai gyara. Yadda aka tsara ta yanzu, in ka shigar da yaron shago, ko dai ya ga aljihun gaba ɗaya ko kada ya ga komai. Yaro kuwa yau naka ne, gobe ka sallame shi ya buɗe nasa shagon a layinka, haka muka taso muka gani, haka mu ma aka yi mana. Direba takardar lodi kaɗai ta shafe shi. Wakili na Kano ba ruwansa da wanda ake bi bashi a Gamboru.

Akwai kuma abin da yaran suka fi alfahari da shi, wanda mu shi ya fi ba mu tsoro: kowa na iya gyara takarda. Su a wurinsu wannan shi ne haɗin gwiwa. A wurinmu kuwa, rubutun da za a iya mai da 40 ta koma 30 da tsakar dare ba tare da alama ba, ba hujja ba ne. Littafin takarda, duk lalacewarsa, in aka kankare lamba ana gani. Ba don wasa ba ne ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta sauka a kan rubuta bashi, har ta bayyana cewa wanda ake bi shi ne zai yi shifta, a kuma kafa shaidu. Hikimar a fili take: rubutun mai bin bashi shi kaɗai bai isa ba, sai da amincewar wanda ake bi. Da yaran sun zauna da malaman zaure kafin su zauna da kwamfuta, da sun sa wurin da wanda ake bi zai danna ko ya yi magana da muryarsa ya ce e, haka ne, da wurin shaidu biyu, sannan a kulle shafin, duk gyaran da zai biyo baya ya fito da sunan mai gyaran da rana da lokaci. Dokar Shaida ta 2011, sashe na 84, ta yarda a karɓi takardar da ta fito daga kwamfuta a kotu, amma bisa sharuɗɗa, har da takardar shaidar yadda na'urar ta fitar da ita. In rigima ta kai gaban alƙali, wa zai ba da wannan shaida? Kamfanin ya shirya tura mutum?

Mu zo kan wanda ba a son ji. Kowa zai mutu. In ɗan kasuwa ya rasu, bayan an yi masa sutura, bashi ake fara fitarwa, sannan wasiyya, sannan a raba gado. Yadda aka saba, ana kiran liman da Bulama da manyan 'ya'ya, a buɗe shago, a ɗauko littafi, a karanta: wane ana binsa kaza, wane yana bin mamaci kaza. Tun kafin wannan manhaja ma mun fara ganin sabon abu. Mamaci ya tafi da lambar sirrinsa a ka, waya kuma da yatsansa take buɗewa. Marayu suna zaune, an san ubansu yana bin mutane kuɗi masu yawa, amma ba a san su wane ne ba, sai mai tsoron Allah da ya kawo da kansa. Wanda ya fi wannan muni, shi mamacin ana binsa, babu mai iya tabbatarwa, aka raba dukiya da haƙƙin wani a ciki. In aka yi jinkiri kuma, layin da aka daina amfani da shi kamfanin waya kan sake sayar da shi bayan wasu watanni, lambar shiga ta koma hannun baƙo. Manhajar nan da lambar waya ake shigarta, kuma ba ta tanadi komai ba game da rasuwa. Mun tambaya, sai yaran suka kalli juna. Ba mu yi mamaki ba, mai shekara ashirin da biyar ba ya tuna kabari in yana lissafin kasuwa. Amma abin ba gagara ba ne. Google tun 2013 yana da tsarin da mutum zai zaɓi wanda za a miƙa wa bayanansa in asusunsa ya daɗe shiru. Namu ya kamata ya fi haka dacewa da mu: tun ranar rajista maigida ya ambaci mutum biyu, in ta Allah ta kasance su zo tare, da takardar Bulama ko ta kotu, a buɗe musu littafin su karanta, ba tare da ikon goge ko ɗigo ba.

Kuɗin wata ba mu da ja a kansa. Gara ma a biya, don abin da ba a biya, ba ka da bakin tambaya in ya ɓace, kuma mun ga inda kyauta ta kai wasu. Amma lissafin kai-kai da suka yi, kowane yaro da kuɗinsa, bai dace da shagon da yara ke shiga suna fita ba, a yi shi shago-shago. Kuma akwai sharaɗi ɗaya a cikin dogon Turancin nan da sai an cire shi: wai in wata ya ƙare ba ka biya ba, za a rufe maka aljihu har sai ka biya. A hana ka ƙara sabuwar takarda, wannan adalci ne. Amma a hana ka ganin taka ta da, a lokacin da wataƙila rashin kuɗin ne ma ya sa kake neman sunayen masu bashinka, wannan ajiya ta koma jingina, kuma ba haka aka yi ciniki ba.

Mu a namu shagon mun sa hotunan rasit da takardun lodi da na fili, waɗanda ainihinsu yana hannunmu. Littafin bashi yana nan inda yake, ana kwafe shi duk Juma'a a kai kwafin wani gida. Yaran sun rubuta duk abin da aka faɗa musu, sun ce a ba su zuwa bayan babbar salla. In sun kira, za mu je GRA ɗin da wayar da aka cire wa data, da dattijo ɗaya mai rubutun ajami, mu ce a fitar mana da komai a fulas muna tsaye.